Iska a Birkin Motar Makaranta

Ranar Litinin da hantsi birkin motar makarantarmu ya ƙi ci a gangaren Rafin Hankaka. Ina zaune gaba kusa da Rodney direba, ɗalibaina tara suna baya, za mu bakin ruwa yin darasi. Na ga ya taka birki, ƙafarsa ta nutse har ƙasa kamar ya taka soso. Ya ɗaga ya sake takawa, ya sake, ya dawo da giya baya, ya fizgi birkin hannu. Motar ta karkace, ta kafa hanci cikin yashin rafin, ta tsaya. Yarinya ɗaya ta fasa leɓe. Rodney ya karye a wuyan hannu. Sauranmu tsoro ne kawai ya same mu, amma tsoron ba kaɗan ba.

Kafin a zo a jawo mu, Rodney ya rarrafa ƙarƙashin motar da hannu ɗaya. A bayan kowace taya akwai ɗan noti da ake kwancewa idan za a fitar da iska daga birki. Duka huɗun ya same su jiƙe da mai, da sabon shatin sifana a jikinsu.

"An taɓa motar nan, Malama," in ji shi. "Ranar Juma'a birkin nan kamar dutse yake."

Mutanen garinmu Walmaru ba mu kai ɗari biyu ba. Kafin rana ta take, suna ɗaya ne a bakin kowa: Lionel Jakamarra. Shi ne direban makaranta kuma makanikenta a da, kafin a ɗaure shi saboda tuƙi bayan an hana shi, aka ba Rodney aikin. Watansa huɗu da dawowa, kuma sakin talala aka yi masa: kada ya kuskura ya zauna bayan sitiyari, kuma ƙara ɗaya aka kai a kansa, zai koma ya ƙarasa shekara biyun da ta rage. Matarsa Sharlene tana asibitin Alice Springs tana jiran haihuwa. Ranar Asabar kusan kowa ya tafi garin maƙwabta kallon ƙwallo, amma Gavin mai kanti ya ce da idonsa ya hango Lionel kwance a ƙarƙashin motar da la'asar.

Shugaban makaranta ya buga wa 'yan sanda waya. Suka ce sai Alhamis da safe za su iso.

Ni na koya wa Lionel karatu a aji biyu, ko da yake a lissafin danginmu ubana ne, Baba nake ce masa. Na san shi da taurin kai. Ban san shi da mugunta ba. Da yamma na tafi wurin Beryl.

*

Beryl Napangardi, gwanar bin sawu, ta haura saba'in. Sau uku 'yan sanda suna zuwa ɗaukarta ta nemo musu baƙin da suka ɓace a daji, kuma duka ukun ta dawo da su da rai. Ta girme ni da shekara goma sha biyar, amma a lissafi 'yata ce, kuma ba ta barin na manta.

"Inna, kin zo ki hana 'yarki hutawa," in ji ta. "To, gobe kafin rana ta ɗaga. Ki kulle shingen nan, kada ko kare ya shiga."

Motar makaranta tana da shingen waya a bayan ɗakin girki, a nan take kwana. Talata da asuba Beryl ta shiga ba takalmi, da sandar ƙarfenta ta tonon damo, ta sa fitowar rana a gabanta. Ni ta tsayar da ni a bakin ƙofa.

"Ga sawunku na jiya, kamar garken awaki. Ga na Myrtle mai girki, ita kullum ta nan take bi. Ga kakana Lionel." Ta nuna da sanda. "Ya kwanta nan. Ya kwanta can. Sau huɗu, kowace taya da nata. A wannan ta bayan ya fi daɗewa, har kafaɗarsa ta yi gurbi. Inna, idan za ki lalata birki, taya nawa za ki bi?"

"Ɗaya ma ta isa, ina jin."

"Shi ya bi huɗu." Ta sunkuya. "Wannan ƙaton takalmin kuma na Gavin ne. Me ya kawo mai kanti bayan ɗakin girki?"

*

Gavin yana jera gwangwanayen madara muka shiga. Da ya ji tambayar sai wuyansa ya yi ja.

"Tsani na zo ara ranar Lahadi, Goggo Beryl. Yanzu ni ake zargi?"

"Tsanin na gani, ka ja shi a ƙasa kamar jelar kangaru. Ka gaya wa gari ka ga Lionel. Shi kaɗai ka gani?"

"Daga nan na hango ƙafafunsa. Ban je kusa ba." Ya ajiye gwangwani. "Ya shigo nan kafin nan ma. Kwalba biyu ya ɗauka na man birki."

"Man birki?" na ce. "Gavin, me ya sa ba ka faɗa ba jiya?"

"Ba wanda ya tambaye ni, Malama. Kowa sunan kawai yake so."

Muka bi ta inda aka ajiye motar. Beryl ta sa na ɗaga murfin gaba. Ɗan tulun man birkin cike yake har baki, man fes, sabo.

*

Lionel yana zaune a ƙofar gidansa kan tsohuwar taya. Daren jiya an jefi rufinsa da duwatsu, suna nan a warwatse bai share ba.

"Kakana, tsoho mai ƙaton kai," in ji Beryl. Jikarsa ce a lissafi, don haka tana da izinin tsokanarsa. "Ka tsufa har ka fara kwana ƙarƙashin motocin mutane?"

Bai yi dariya ba. "Ni na taɓa ta."

"Wannan ƙasa ta gaya mini. Me ya same ta?"

"Tiyon birkin baya ya yage. Na ciro wani daga mushen motar da ke juji, na sa."

"Baba, ai gyara ka yi ke nan," na ce. "Ka fito ka faɗa mana. Wa ya yaga tiyon? Wa ya sa ka?"

Ya sunkuyar da kai yana murza yatsu.

"Kai kaɗai ka yi aikin?" in ji Beryl.

"Su zo su tafi da ni," in ji shi. "Malama, idan Sharlene ta bugo waya makaranta, ki ce mata ina daji."

Muka bar shi a kan tayarsa, muka tafi.

*

A hanya Beryl ta ce, "Motar ta fita ranar Asabar. Na ga tayarta ta bi arewa ta dawo. Mai makulli shi ne direba."

Rodney yana kwance a barandar ɗakin shan magani, hannu a ɗaure. Da ya ji inda zancen ya dosa sai ya tashi zaune.

"Ni? Goggo, ranar Asabar ni na busa wasan! Mutum ɗari uku sun zage ni, je ki tambaye su. Makulli yana rataye a ƙusa cikin ɗakin malamai, kowa ya sani."

"Kwantar da hankalinka, ɗana. Da ka tashe ta ranar Litinin ba ka ji komai ba?"

"Cikin gari wa ke taka birki? Ɗaga ƙafa ake yi daga totur. Sai a gangare na neme shi."

"To koya wa tsohuwa. Idan an canza tiyo, sai me?"

Rodney yana son a tambaye shi abin mota, ko da fushi yake yi. "Iska ce ke shiga. Mai ba ya matsuwa, kin taka nan, can taya ta ji. Iska kuwa matsuwa take yi, shi ya sa ƙafa ke nutsewa. Dole a fitar da ita. Mutum ɗaya a kujera, ɗaya a ƙasa. Na ƙasa ya ce taka, taka, riƙe. Ya kwance noti, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure, sannan ya ce saki. Idan na sama ya saki kafin a ɗaure, ya zuƙo iska ciki, an koma baya."

"Mutum ɗaya ba ya iyawa?"

"Da wane hannun? Sai biyu."

"Idan ba su yi wa juna magana ba fa?"

"Haba Goggo, wane irin mahaukata ne za su yi aikin birki ba magana?"

*

Na ari a-kori-kurar Gavin, muka bi arewa. Beryl ta leƙo da kai ta taga tana nuna mini da haɓa. Mun yi kusan mil goma, sawun ya bar hanya ya shiga kurmin ƙaya. A wani wuri ta ce tsaya. Ga wani kututture mai tsini, da baƙin shatin roba a kansa. Daga nan ɗigon mai ya fara, ɗigo ɗigo, ya nufi gari.

Can gaba kaɗan muka tarar da rami mai zurfi har ƙugu, irin wanda mata ke tonawa neman tururuwar zuma, abincin marmari a wurinmu. Ƙasar gefensa ba ta gama bushewa ba. Beryl ta daɗe tana kallon sawun da ke bakin ramin.

"Myrtle," in ji ta a hankali. "Ita kaɗai."

Myrtle Nangala ce mai dafa wa yaranmu abinci shekara goma sha tara. Ita ce kuma mahaifiyar Sharlene. Na tuna jirgin saman da ya zo ɗaukar wasiƙu ranar Litinin, da wani gwangwani da aka naɗe da tsumma aka rubuta sunan Sharlene a kai. Na tuna kuma tun ranar Myrtle ba ta zo aiki ba, wai zazzaɓi.

A wurinmu namiji ba ya kallon uwar matarsa. Ba ya yi mata magana, ba ya ambaton sunanta, ba su shan inuwa ɗaya. Idan ya hango ta a hanya, sai ya sake hanya.

"Ba zai yiwu ba," na ce.

"Gobe da asuba," in ji Beryl. "Na ga sawunta yau da asuba na raina shi, don na saba ganinsa. Laifina ne."

*

Laraba da asuba ta kira ni cikin shingen, ta ce in taka inda ta taka.

"Duba. Myrtle ta fito daga motar, ta bar murfin gaba a ɗage don na nesa ya gani. Ta je can gindin tankin ruwa ta zauna, fuskarta ga bango. Ta daɗe. Ga kakana ya zo, ya tsaya nesa, ya koma, ya dawo da kaya. Yanzu duba nan."

Daga gindin tanki zuwa ƙofar direba taku goma ne a miƙe. Sawun Myrtle bai miƙe ba. Ya yi wani babban zagaye, ya bi jikin waya, ya kewaye fili wanda babu komai a cikinsa, kuma takun ƙarshe a kaikaice ta yi su, yatsunta na kallon waje. Na Lionel kuma yana kewaya motar ta baya kullum. Ko sau ɗaya sawun biyu bai hau kan juna ba.

"Mutum biyu, lokaci ɗaya, a shingen da bai fi ɗakin ajinki ba," in ji Beryl. "Suruka kaɗai ke tafiya haka."

Muka koma wurin motar, ta kwanta a ƙasa da kanta ta leƙa. A jikin ƙarfen da ke kusa da kowace taya akwai ɗan tabo ɗaya ko biyu. A tayar baya ta hagu kuwa fentin ya farfashe, an buga an buga.

"Ƙwanƙwasa ya yi mata maimakon magana," in ji ta. "Wannan tayar ta fi nisa da kujerar direba, tunda sitiyarin a dama yake. Wane kunne ne na Myrtle ya mutu?"

"Na hagu," na ce.

*

Da la'asar aka taru a gindin itacen da ke gaban kanti. Maza gefe, mata gefe. Lionel ya zauna can bayan kanti, ana ganin kafaɗarsa kawai. Myrtle ta zo a makare, lulluɓe da bargo cikin wannan zafi, ta zauna ƙarshen mata ta juya baya.

Beryl ta share ƙasa da tafin hannu, ta zana mota, ta zana tanki. Ta fara da Gavin da tsaninsa, aka ɗan yi dariya. Ta wanke Rodney. Ta zana kututture da ɗigon mai, da gurbi huɗu, da tulu cike da sabon mai. Sannan ta ja layin nan mai zagaye, a hankali, ta ɗaga sandarta.

Ba ta ambaci suna ba. Tsofaffin mata suka leƙa, suka ja da baya, ɗaya ta rufe baki da hannu.

"Ba wanda ya lalata motar nan," in ji Beryl. "Mutum biyu ne suka gyara ta, kuma ba su da halin cewa riƙe ko saki. Na ƙasa bai iya tambaya ko birkin ya yi tauri ba. Bai kuma iya hawa ya gwada ba, don alƙali ya hana shi kujerar. Sawunsa bai kai ƙofar direba ba ko sau ɗaya, wannan zan faɗa wa saje gobe."

"Mun ji," in ji Doreen, uwar yarinyar da ta fasa leɓe. "Amma ɗinki uku aka yi wa 'yata. Saje zai ce wa ke kujerar? Idan ba a samu kowa ba, shi za su ɗauka, kuma ni ba zan hana ba."

Beryl ta zauna ta ɗora sandarta a cinya. Na gane ta kai inda za ta tsaya.

Sai Myrtle ta miƙe. Ba ta juyo ba. Itacen ta fuskanta, ta yi magana da ƙarfi irin na masu ciwon kunne.

"Ni na ɗauki makulli. Yarinyata ta bugo waya tana kuka, abincin asibiti ya ƙi zama mata, tururuwar zuma take so. Na ce mil goma ne, wa zai sani. Da na dawo ba birki, ga Litinin yara za su hau. Ba mai iya gyara a gari sai mutumin can." Ta tsaya ta share fuska da bargo. "Ban kira shi ba. Bai dube ni ba. Na ji bugu, na taka. Daga baya na daina ji, sai na riƙa ƙirgawa a raina ina saki. Da na ji shiru na fito na kulle na tafi. Kwana biyu ina jin duwatsu a rufinsa, kunya ta hana ni tashi. Doreen, ƙanwata, ni na fasa leɓen 'yarki."

Ta miƙa wa shugaban makaranta makullin ɗakin girki ta bayan hannu. Ya dube ni, ya dubi makullin.

"Gobe akwai yara sittin da za su ci abinci," in ji shi. "Riƙe shi. Na mota kuwa daga yau aljihuna zai kwana."

Doreen ba ta ce ta yafe ba. Ta tashi dai, ta je ta zauna kusa da Myrtle, ta janye mata bargon daga ka.

Rodney ya yi tsaki, ya ɗaga murya ya nufi bayan kanti. "Kai, Jakamarra! Da ka jira ni na dawo daga ƙwallo, uban taurin kai! Tashi ka ɗauko sifanarka, ni hannuna ɗaya."

*

Kafin rana ta faɗi muka yi aikin. Ni na hau kujera. Rodney ya tsaya a gaba da kwalbar mai yana ƙarawa kada tulun ya yi ƙasa. Lionel ya fara da tayar baya ta hagu, ya sa siririn tiyo a kan notin, ya tsoma ɗaya bakin tiyon cikin wata kwalba.

"Taka, Malama. Taka. Taka. Riƙe!"

Na riƙe. Na ji ƙafata tana tafiya ƙasa a hankali.

"Kada ki saki. Ga ta nan, kumfa kamar ruwan sabulu. Na ɗaure. Saki!"

Sau bakwai muka yi a wannan tayar kafin man ya fito ba kumfa. Sauran ukun ba su ba da wahala ba. Da ya gama ya fito yana goge hannu a wando, ya tsaya nesa da ƙofata.

"Ya yi tauri?"

Na taka da dukan ƙarfina. Ƙafata ta tsaya a sama, ta ƙi tafiya.

"Ya yi, Baba."

*

Alhamis da safe motar 'yan sanda ta iso, mai kejin ɗaukar fursuna a baya. Sajen mace ce, ta san Beryl. Ta bi ta cikin shingen, ta tsuguna inda aka ce ta tsuguna. Ta so ta haɗa Lionel da Myrtle a ofis ɗaya ta ji bakinsu, tsofaffi suka ce a'a. Sai ta ji nasa a ƙofar gidansa, ta taka har gindin tanki ta ji nata. Ta hau motar makaranta ta gwada birkin sau biyu. Ta tambayi Doreen ko tana da ƙara. Doreen ta daɗe kafin ta girgiza kai.

Saje ta rufe littafinta, ta ja wa shugaban makaranta kunne a kan makulli, suka hau suka tafi.

Myrtle tana gindin tanki, fuskarta ga bango, don Lionel yana tsaye a fili tare da maza. Ba ta ga tafiyarsu ba, ba ta kuma ji ba. Hannunta biyu na riƙe da gwiwoyinta, tana jira.

Beryl ta taka a hankali, ta zagaya ta kunnen dama, ta sunkuya.

"Sun tafi, 'yata," in ji ta. "Kejin ba kowa."